Daga Sauka Zuwa Arba'in: Tarihin Jijjigar Jego da Hanyar Damargu

Gabatarwa

A ƙasar Hausa, da zarar mace ta haihu, mabiyiya ta faɗo, sai a ce an sauka lafiya. Ƴan barka su fara sallama, a aika wa dangi na nesa, hankalin gida kuma ya koma kan jariri da shirin suna. Ita kanta kalmar "sauka" tana ɗauke da fahimtar da muka gada: ciki kaya ne, mai ciki matafiyiya ce, wadda ta haihu kuwa ta kai zango. Ga mafi yawan mata haka abin yake. Sai dai akwai wata cuta da ba ta san da wannan zango ba. Tana iya kama mace da tsohon ciki, tana iya kama ta tana kan gwiwa, tana kuma iya jira sai an yi kwana biyu, ko biyar, ko goma da haihuwa, sa'an nan ta bayyana da matsanancin ciwon kai, da gani dishi-dishi, da jijjiga irin ta farfaɗiya, wani lokaci har da makanta ko shanyewar ɓarin jiki. Hausawa suna kiranta jijjiga ko taune-taune, saboda yadda mai ita take karkarwa tana taune harshe. Likitoci suna ce mata eklamsiya, hawan jinin da ke share mata fage kuwa suna kiransa firi-eklamsiya, wato matakin da ke gabanta.

Wannan maƙala za ta bi sawun tarihi biyu. Na farko shi ne tarihin yadda ɗan Adam ya gane wannan cuta har ya samo maganinta. Na biyu shi ne tarihin hanyar da ke tsakanin wannan magani da mai jego a Damargu, wato gundumomin Tanut da Belbeji na jihar Damagaram. Abin da take son nunawa shi ne, al'adarmu ta daɗe da ware kwana arba'in domin tsaron mai jego, kuma cikin waɗannan kwanaki ne cutar take yin ɓarnar da aka fi gafala da ita.

Damargu: ƙasar hatsi da nisan zango

Damargu tana tsakanin Damagaram da Azbin, a kan iyakar da noma yake ƙarewa kiwo ya karɓa. Tun kafin zuwan Turawa ita ce rumbun da Abzinawa suke dogara da shi wajen hatsi, kuma ta cikinta ayarin da ya taso daga Kano yake ratsawa zuwa Agadas, daga can ya nufi Gat da Tarabulus. A watan Janairu na 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauko daga Azbin tare da ayarin gishiri na Kel Owey, ya yada zango a Tagelel cikin Damargu, inda ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson. A ƙarshen 1899, shekarar da Faransawa suka kama Damagaram, rundunar Foureau da Lamy ta ratso ƙasar daga arewa. Masanin tarihi Stephen Baier, a littafinsa na 1980 kan tattalin arzikin tsakiyar Nijar, ya nuna yadda rayuwar wannan yanki ta ginu kan musayar hatsi da gishiri da dabbobi tsakanin manoma da makiyaya.

Mazauna ƙasar sun haɗa da Hausawa, da Dagra waɗanda reshe ne na Barebari, da Abzinawa, da Fulani, da Larabawa, Hausa kuma ita ce harshen kasuwa. A 2011 aka cire Belbeji daga Tanut aka mai da ita gunduma mai zaman kanta. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da dubu 400 a gundumar Tanut, da kusan dubu 100 a ta Belbeji, warwatse cikin ƙauyuka da rugage daga Olelewa da Gangara da Tarka har zuwa makiyayar Tenhiya. Daga garin Tanut zuwa birnin Damagaram kusan kilomita 150 ne a kan hanyar Agadas, amma mafi yawan jama'a ba a bakin wannan hanya suke ba. Kafin su kai gare ta sai sun keta rairayi da amalanke ko babur. Ga fataken da, wannan tafiya ta ƴan kwanaki ba kome ba ce. Ga macen da jini ya hau mata kai, sa'o'i kaɗan ne suke raba warkewa da naƙasa.

Jego a idon al'ada

Babu wanda zai zargi Bahaushe da sakaci da mai jego. Da safe da maraice ana tafasa ruwa a yi mata wanka da ganye, har kwana arba'in, mai haihuwar fari ma takan zarce. Ana dama mata kunun kanwa, ana dafa mata ƙauri da yaji, ana hana ta aikin wahala. A wasu sassa, musamman ƙasar Zazzau, akan hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasa ta kwanta a kai. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a hannun uwarta ko kakarta, ungozoma kuma ta yanke cibi ta ci gaba da zuwa wanka. Duk wannan tsari an gina shi ne kan tsoron abu guda, wato sanyi. A fahimtar magabata, jikin da ya haihu ɗanye ne, a buɗe yake, idan sanyi ya shige shi sai kumburi da ciwon gaɓoɓi su biyo baya, saboda haka dole a gasa shi ya nuna. L. Lewis Wall, wanda ya zauna a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi, ya bayyana wannan fahimta dalla-dalla a littafinsa na 1988 kan magungunan Hausawa, haka ma Barbara Cooper, wadda ta daɗe tana bincike a Maraɗi, ta bi tarihin haihuwa a Sahel cikin littafinta na 2019.

To amma jijjiga ba ta shiga wannan lissafi na zafi da sanyi. Macen da take zaune ana hira, sai ta ce kanta zai tsage, sai idanu su juye, jiki ya sandare, kumfa ta fito, wannan a idon mai kallo ya fi kama da bugun iska ko aikin maye ko sammu. Don haka abin da ake fara nema shi ne tofi da rubutu da hayaƙi, a wasu gidaje kuma a kira boka ko ƴan bori. Wannan hukunci yana da dalilinsa, domin jijjigar takan tsaya da kanta bayan minti ɗaya ko biyu, sai a ga kamar maganin ya ci, alhali kuwa cutar tana nan, za ta dawo. Bugu da ƙari, alamun da ke gabanta duk abubuwa ne da aka saba gani: kumburi, an san ciki ya gada, ciwon kai, an san mai jego ba ta samun barci. Ga kuma kunya. Yarinyar da ta yi haihuwar fari, wadda tarbiyya ta hana ta ko da ɗaga murya a kan gwiwa, da wuya ta buɗe baki gaban manya ta ce ba ta gani sosai. Ita ce kuwa cutar ta fi kamawa.

Yadda likitoci suka gano ta

Kada mai karatu ya ɗauka cewa Turai ta san sirrin wannan cuta tun fil azal. Shekaru aru-aru likitocinta suna haɗa ta da farfaɗiya, suna kuma yi mata magani da tsaga jijiya a zubar da jini, abin da bai yi nisa da ƙahon wanzamanmu ba. A ƙarni na 17 François Mauriceau, mai karɓar haihuwa a birnin Paris, ya lura cewa masu cikin fari sun fi faɗawa cikinta. A ƙarni na 18 Boissier de Sauvages na Montpellier ya raba ta da farfaɗiya, aka kuma tsayar mata da suna daga wata kalmar Girkanci mai nufin walƙiya, saboda yadda take faɗowa ba sallama.

Sunan bai daɗe yana gaskiya ba, domin an gano cewa walƙiyar tana da hadari a gabanta. A 1843 John Lever na asibitin Guy da ke Landan ya gwada fitsarin mata masu jijjiga, ya sami wani sinadari na jini, wato furotin, yana yoyo a ciki, ya kuma ga yana ɓacewa bayan an warke. A 1896 Ba'italiye Riva-Rocci ya ƙera abin awon jini da ake ɗaurawa a dantse, shekara guda bayan haka Vaquez da Nobécourt a Faransa suka nuna cewa jinin masu jijjiga yana hawa ƙwarai. Daga nan hoton ya fara haɗuwa: jini yana hawa, fitsari yana ɗauke da furotin, sa'an nan jijjiga ta biyo. Ma'ana, akwai lokacin da za a iya ganin cutar kafin ta kayar da mace. A kan wannan ganowa aka gina awon ciki da muka sani.

Ma'aunin da ake bi shi ne: idan ciki ya wuce mako 20, awon jini ya kai 140 bisa 90 ko fiye, ga furotin a fitsari ko alamar taɓuwar wata gaɓa, to firi-eklamsiya ce. Idan ya kai 160 bisa 110, abin ya zama na gaggawa. Tana samun tsakanin 2 zuwa 8 cikin kowane ciki 100 a duniya, kuma wani nazarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2014 ya ɗora kusan kashi 14 cikin 100 na mutuwar mata wajen haihuwa a kan cututtukan hawan jini na ciki.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa

Tushen cutar yana cikin mabiyiya. A farkon ciki ya kamata ta kafa saiwa sosai a bangon mahaifa, ta buɗe jijiyoyin uwa domin jini ya wadace ta. Idan kafuwar ba ta yi kyau ba, sai ta shiga ƙunci, ta riƙa sakin wasu sinadarai cikin jinin uwa, waɗanda suke lalata shimfiɗar cikin jijiyoyi a duk jiki. A 2003 masu bincike a birnin Boston na Amurka suka gano ɗaya daga cikin manyan waɗannan sinadarai. Jijiyoyin da suka lalace sukan tsuke, jini ya hau. Sukan kuma yi yoyo, ruwa ya fita cikin tsoka, fuska da hannuwa su kumbura. Ƙoda tana taɓuwa, hanta tana taɓuwa, shi ya sa ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko a bakin ciki yake cikin alamun haɗari.

Ƙwaƙwalwa tana da dabarar kare kanta: in jini ya hau, jijiyoyinta sukan matse domin kada ya yi mata yawa. Amma in hawan ya zo da sauri, ga jijiyoyin da ma sun raunana, sai wannan kariya ta karye kamar shingen da ambaliya ta fi ƙarfinsa, ruwa ya tsattsafo cikin ƙwaƙwalwa. Ɓangaren ƙeya ne ya fi saurin shan wahala, can ne kuwa cibiyar gani take. Dalili ke nan da mace za ta ce tana ganin taurari ko hazo, ko ta daina gani ɗungurungum alhali idanunta lafiya lau suke. A 1996 Judith Hinchey da abokan aikinta suka bayyana wannan kumburin ƙeya a majinyata 15, uku daga cikinsu masu jijjigar haihuwa, suka nuna cewa yana sacewa in an sauke jinin da wuri, gani ya dawo, hankali ya dawo. In aka yi jinkiri kuwa, jijiya tana iya fashewa jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, wanda shi ne ke jawo shanyewar ɓarin jiki, da ɗaukewar magana, da mutuwa.

Mai karatu zai iya tambaya: in mabiyiya ce tushe, me ya sa cutar ba ta tafiya da ita? Amsa ita ce, ɓarnar da aka yi wa jijiyoyi ba ta gyaruwa rana ɗaya. Har ila yau, ruwan da ya taru a tsoka lokacin ciki yana komawa cikin jijiyoyi bayan haihuwa, saboda haka jinin mai jego yakan kai ƙololuwar hawansa tsakanin kwana na uku da na shida, wato daidai lokacin da gida ya ɗauki haramar suna. Mafi yawan jijjigar bayan haihuwa tana zuwa cikin kwana biyun farko, amma tana iya zuwa har mako shida, kuma tana iya kama macen da awonta bai taɓa nuna hawan jini ba lokacin ciki. Wadda ta tsira ma ba ta rabu da abin kwata-kwata ba, domin bincike ya nuna haɗarin hawan jini da shanyewar jiki yana ƙaruwa gare ta a shekarun gaba.

Maganin da ya jira shekara 70

Maganin jijjiga wani gishiri ne mai araha, magniziyam salfet. A 1925 Edmond Lazard ya wallafa sakamakon ba da shi ta jijiya ga masu jijjiga a Los Angeles. A 1955 Jack Pritchard na asibitin Parkland a Dallas ya tsara yadda za a ba da shi: giram 4 ta jijiya, giram 10 a tsokar ɗuwawu, sa'an nan giram 5 duk bayan sa'a huɗu har kwana guda, ana duba numfashi da fitsari da motsin gwiwa domin kada ya yi yawa. Amurka ta rungume shi, amma Ingila da wasu ƙasashen Turai da yawancin asibitocin Afirka suka tsaya kan magungunan sa barci irin su Valium. Gardama ta yi ta gudana tsakanin manyan likitoci, mata kuwa suna ta mutuwa.

Sai a 1995 aka raba gardamar. Wani babban gwaji da Lelia Duley ta jagoranta, wanda ya haɗa mata 1,687 masu jijjiga, akasarinsu a Afirka da Kudancin Amurka da Indiya, ya nuna cewa magniziyam ya rage dawowar jijjiga da kusan rabi in an gwada shi da Valium. A 2002 gwaji na biyu, mai suna Magpie, da mata 10,141 a ƙasashe 33, ya nuna cewa in an ba mai firi-eklamsiya maganin tun kafin ta faɗi, haɗarin jijjigar yana raguwa da fiye da rabi. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da shi a matsayin magani na farko, ta kuma ce ƙaramar cibiyar da ba za ta iya riƙe majinyaciya ba ta yi mata allurar farko kafin ta tura ta gaba. Wannan jumla ta ƙarshe kamar don Damargu aka rubuta ta. Sai dai a tuna, magniziyam jijjiga yake tsayarwa. Sauke jinin aikin wasu magunguna ne dabam, kuma su ne ke kare ƙwaƙwalwa daga fashewar jijiya.

Shaidar Zariya da Yamai da Kano da Sakkwato

Ƙasar Hausa ta ba da nata kaso a wannan ilimi. Tsakanin 1976 da 1979 Kelsey Harrison na Jami'ar Ahmadu Bello ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitocin Zariya, aka buga sakamakon a 1985. Ya sami cewa mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba ga matan da ba su yi awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su, kuma ƴan mata masu ƙarancin shekaru da cikin fari su ne jijjiga ta fi addaba. Hukuncin da ya yanke ya kamata malaman makaranta su riƙe shi: a ganinsa babban maganin mutuwar mata wajen haihuwa shi ne ilimin boko ga kowa, musamman ƴaƴa mata. Wannan magana tana da nauyi a Nijar, inda binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na mata an aurar da su kafin shekara 18.

A Zariyar dai, Davidson da Parry sun wallafa a 1978 nazarin mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka ɗora zargi kan kunun kanwa da gasa jiki. Hujjarsu ita ce kanwa cike take da sinadarin sodiyam, irin na gishirin miya, wanda ke riƙe ruwa a jiki. Wannan zargi ya daɗe yana yawo a littattafan likitanci. Amma a Yamai, Arnaud Cénac da abokan aikinsa sun nuna a 1992 cewa ƙarancin sinadarin seleniyam yana da hannu a ciwon, sa'an nan a 2020 wani nazari na faɗin Najeriya da Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta bai sami wankan jego da kunun kanwa cikin tabbatattun dalilai ba. Abin da ya samu shi ne rashin karatu, da rashin sana'a, da rama, da kuma tarihin firi-eklamsiya. Darasin a nan biyu ne. Ba daidai ba ne a jibga wa al'ada kowane laifi. Amma kuma macen da jininta ya riga ya hau, ƙara mata kanwa ƙara wa Barno dawaki ne, ya kamata a ɗaga mata ƙafa.

Tsakanin 1994 da 1996 wani bincike ya bi mata masu ciki 20,326 a garuruwa na ƙasashe shida na Afirka ta Yamma, ciki har da Yamai. Cikin waɗanda suka yi jijjiga, kusan 18 cikin 100 sun rasu, alhali a birni suke, kusa da asibiti. Kano ce ta nuna abin da magani kan iya yi. A 2008 aka shigar da magniziyam asibitocin gwamnati goma na jihar, aka horar da ma'aikata, Jamilu Tukur da abokan aikinsa suka bi sakamakon: mutuwa cikin masu wannan cuta ta faɗo daga kashi 20.9 zuwa 2.3 cikin 100. A Sakkwato kuma, Bissallah Ekele da abokansa sun wallafa a 2009 cewa allurar farko kaɗai tana tsayar da jijjiga ga mafi yawan mata. Ba a gina sabon asibiti ba a Kano, ba a sayo wata na'ura mai tsada ba. Magani aka kawo, aka koya wa ungozomomin asibiti yadda za su ba da shi.

Doguwar hanyar asibiti

A Nijar asibiti ya iso a makare, ya kuma tsaya a birni. Faransawa sun kafa hukumar kula da lafiyar talakawan mulkinsu na Afirka ta Yamma a 1905, suka buɗe makarantar likitoci da ungozomomi a Dakar a 1918, amma rabon da ya iso wannan ƙasa mai nisa kaɗan ne, ko da Damagaram take babban birni daga 1911 zuwa 1926. Bayan ƴancin kai na 1960, aka gwada wata dabara a jihar Maraɗi: a zaɓi ungozomomin gargajiya a ƙauyuka, a koya musu tsabta da gane haɗari, a ba su ɗan akwatin kayan aiki. Dabarar ta bazu, ta kuma yi amfani wajen tsabtar cibi, sai dai ungozomar ƙauye ba ta da abin awon jini, ba ta da allura.

A 1987 taron Nairobi ya ɗaga maganar mutuwar mata wajen haihuwa a idon duniya, a shekarar kuma shirin Bamako ya buɗe ƙofar biyan kuɗin magani, wanda Nijar ta bi a shekarun 1990. Daga 2001 shirin musamman na Shugaba Tandja Mamadu ya gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka. A 2005 aka mai da fiɗar haihuwa kyauta, a 2006 awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar suka biyo. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun nuna yadda jinkirin da gwamnati take yi wajen biyan cibiyoyi kuɗinsu ya riƙa barin kantocin magani wayam. A wasu gundumomi aka ƙirƙiro ƙarin dala ashirin kan kowane mai zuwa ganin likita, domin a tara kuɗin man motar ɗaukar majinyata. A wajajen 2008 jihar Damagaram ta zama mafarin makarantun mazaje, inda magidanta suke zama su tattauna lafiyar iyali, da tallafin asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya. Mutuwar mata wajen haihuwa ta sauko daga 648 cikin haihuwa dubu 100 a binciken 2006 zuwa 535 a na 2012. A 2024 kuma hukumomi suka rage kuɗin asibiti, suka sanar da haihuwa kyauta a asibitocin gwamnati.

A 1994 Thaddeus da Maine suka rarraba abin da ke kashe mata zuwa jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar fita, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. A Damargu ukun suna hawa kan juna. Maigida yana iya kasancewa ya tafi cin rani Najeriya ko Libiya, ba mai ba da izini ko kuɗin mota. Daga ƙauye sai cibiyar lafiya, daga nan sai asibitin gunduma, in ya gagara sai Damagaram, inda babban asibitin ƙasa da cibiyar uwa da yaro suke. Ga mai jego akwai ƙarin shinge guda da mai naƙuda ba ta da shi: al'ada ba ta so ta fita kafin arba'in, kowa kuma ya riga ya sakankance an sauka lafiya.

Kammalawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a duba mai jego sau huɗu: cikin kwanan farko, sai kwana na biyu zuwa na uku, sai tsakanin kwana 7 da 14, sai mako na shida. Duk wanda ya san gidan Bahaushe zai ga cewa wannan jadawali ba baƙo ba ne. Ranar haihuwa ce, da kwana uku, lokacin da a wurare da dama ake kiran wanzami, da ranar suna, da arba'in. Kwanakin da likita yake so a auna jini su ne kwanakin da dangi suke cika ɗaki. Ungozoma tana ganin mai jego tsirara sau biyu a rana, ta fi kowa sanin in fuska ta kumbura. Uwa da kaka suna kwana da ita. Masu tsaro suna nan, abin da ya rage shi ne a faɗa musu abin da za su tsara.

Abubuwan kuwa ba su da yawa: ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko ganin taurari, kumburin fuska da hannuwa, ciwo a bakin ciki ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wahalar numfashi, ruɗewa, da nauyin harshe ko na hannu. Ko ɗaya daga ciki ya isa a ɗaura amalanke, ba sai an jira jijjiga ba. In kuwa ta faɗi, a kwantar da ita a kan gefenta, kada a cusa mata cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu tana cikin suma domin yana iya bi ta hanyar numfashi, kada a turara mata hayaƙi. Mai tofi ya yi tofinsa ana tafiya. In an isa cibiyar lafiya, dangi suna da damar su tambaya ko an auna jini, ko an yi allurar magniziyam kafin a tura ta gaba.

Wannan aiki ne da ya dace da malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu, domin su ne suke da harshen da tsofaffi suke saurare. Malamin da ke Gangara ko Tarka yana koyar da yaran da nan da ƴan shekaru za su zama iyaye, yana kuma zama a majalisar da ake yanke shawarar aurar da su. Ƴan wasan kwaikwayo da gidajen rediyon karkara sun taɓa sauya ra'ayin jama'a kan rigakafi da karatun ƴaƴa mata. Daga Lever zuwa gwajin 1995 an ɗauki shekara 152 ana neman amsa, kuma an same ta. Abin da ya saura ga Damargu shi ne a shigar da ita cikin tarbiyyar jego, yadda duk wadda ta iya tafasa ruwan wanka za ta san cewa ciwon kan mai jego a makon suna abin kai wa asibiti ne a ranar.